Yadda za ka tsare shafinka da mutuncinka daga tuhumar batsa a TikTok, Facebook da YouTube

Ba masu yaɗa batsa kaɗai ake rufe wa shafi ba. Ungozomar da ke koya wa sabbin iyaye shayarwa, malamin fiƙihun da ya iso babin janaba da haila, mai sayar da kayan mata, marubuciyar littafin soyayya, tela mai tallan ɗinkin amare, ɗan barkwancin da ya saki baki a zaman kai-tsaye, duk suna iya wayar gari su tarar an cire musu bidiyo, ko an daina nuna su ga kowa, ko shafin da suka shekara uku suna ginawa ya ɓace. Wannan bayani dominsu aka yi shi. Duk inda aka ce "ka", mace ma tana ciki.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, ma'auni uku ake auna ka da su, kuma ba mudu ɗaya suke amfani da shi ba. Akwai ma'aunin kamfanin da ya mallaki manhajar, akwai na hukuma, akwai na jama'ar da kake rayuwa a cikinsu. Kana iya tsallake ɗaya ka faɗa a ɗaya. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori wata fitacciyar jarumar Kannywood saboda rungumar da aka gani a bidiyon waƙa, alhali babu wata ƙa'idar YouTube da wannan bidiyo ya taka. A ɗaya gefen kuma, uwa za ta ɗora hoton jaririnta yana wanka a baho, abin da babu wanda zai ɗaga gira a kansa a unguwa, Facebook ya cire shi nan take. Mai son ya daɗe a wannan harka sai ya san ukun, ya gina aikinsa a kan wanda ya fi tsanani a kowace gaɓa.

Me ya sa kamfanonin suke tsanantawa

Sanin dalilin yana taimakawa wajen hasashen abin da za su yi. Kamfanonin nan ba malaman tarbiyya ba ne. Abu uku ne ke matsa musu: masu ba su talla, shagunan manhaja na Apple da Google, da bankunan da kuɗi ke bi ta hannunsu. A Nuwamban 2018 Apple ya cire manhajar sada zumunta ta Tumblr daga shagonsa bayan an gano hotunan cin zarafin yara a ciki, kuma kafin shekarar ta ƙare, ranar 17 ga Disamba, Tumblr ya haramta hotunan tsiraici gaba ɗaya. A Agustan 2021 OnlyFans, wanda da irin wannan haja yake ci, ya sanar zai hana ta saboda matsin bankuna, sannan ya janye bayan 'yan kwanaki. Ke nan duk abin da kamfanin lemo ko na sabulu zai ji kunyar ganin tallarsa a gefensa, manhaja za ta ja baya da shi, ko da ba ta cire shi ba.

X, wato tsohon Twitter, shi ne ya fita daban. A 2024 ya rubuta a fili cewa ya yarda da hotunan manya idan da amincewar masu su kuma an yi musu alamar gargaɗi, sai dai ba a hoton fuskar shafi ko na bango ba. Wannan sassauci ba ya kare kowa daga doka ko daga bakin mutane, kuma yana nufin mai shafi a can sai ya ƙara kula da waɗanda yake bi da abin da yake sake yaɗawa.

Hukuncin hawa-hawa ne

Mutane sun fi sanin cirewa, amma ita ce mataki na sama. A ƙasanta akwai taƙaita bidiyo ga 'yan shekara 18 zuwa sama. A YouTube, bidiyon da aka yi wa haka ba ya buɗewa sai ga wanda ya shiga da asusunsa kuma shekarunsa suka kai, yawanci ba ya kunnuwa idan an liƙa shi a wani shafin intanet, kuma kuɗin tallarsa yana raguwa ƙwarai ko ya tsaya. A ƙasan wannan kuma akwai mataki mafi cin rai, wato a bar bidiyonka a shafinka amma a daina kai shi gaban waɗanda ba sa bin ka. TikTok yana cire irin wannan daga shafin For You, Instagram kuma daga Explore da jerin Reels. Abin da ke jawo shi ba tsiraici ba ne, nuni ne: rawar da ta tattara a ƙugu, kyamarar da ta tsaya a ƙirji, magana mai harshen damo. Idan bidiyonka yana samun kallo dubu hamsin sai kwatsam ya koma ɗari bakwai, kafin ka ce an yi maka hassada, shiga saitin manhajar ka buɗe wurin da aka rubuta Account Status. A nan za ka ga ko akwai abin da aka cire da ko ana ci gaba da tallata shafinka.

Sai tabon laifi, wanda ake yi wa asusu duk lokacin da aka cire abu. Ga yadda lissafin yake.

A YouTube, laifin farko yawanci gargaɗi ne. Na gaba tabo ne na ɗaya, ba ka ɗora komai har mako guda. Tabo na biyu a cikin kwana 90, mako biyu. Na uku a cikin kwana 90 ɗin, an rufe tashar har abada. Kowane tabo yana gogewa bayan kwana 90, kuma tun 2023 ana iya yin ɗan gajeren horo a cikin manhajar don gargaɗin farko ya goge idan ba a maimaita laifin ba a cikin kwana 90. Goge bidiyon da kanka ba ya goge tabon.

A Facebook, bisa tsarin da Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sabunta a 2023, tabo na farko gargaɗi ne, daga na biyu zuwa na shida ana hana ka wasu abubuwa kamar rubutu a zaure (group) na wani lokaci, na bakwai hanin ɗora komai na kwana ɗaya, na takwas kwana uku, na tara kwana bakwai, daga goma zuwa sama kwana talatin. Tabon Meta yakan ɗauki shekara guda kafin ya faɗi.

A TikTok tabo yana faɗuwa bayan kwana 90, kuma ana lissafa shi gida-gida: na sharhi daban, na zaman kai-tsaye daban, na kowace ƙa'ida daban. Idan ka cika ma'auni a gida ɗaya, ya isa a rufe asusun.

Wannan lissafi duka na ƙananan laifuka ne. Abin da ya shafi yara ko yaɗa tsiraicin wani ba da yardarsa ba, ba ya bin layi. Karo ɗaya ya isa.

Abin da ake dubawa a bidiyonka

Na'ura ce ke fara tacewa, kafin ma wani ya kalla. Tana duba hotunan da ke cikin bidiyon, musamman hoton bangon da ka zaɓa, wato wanda ake gani kafin a danna bidiyon, tana karanta rubutun da ke kan allo da wanda ke ƙasa da kalmomin da ka maƙala wa alamar #, tana mayar da magana rubutu, tana bin adireshin da ka liƙa a bayanin shafinka ta ga inda ya kai. Abin da ta yi shakka a kansa, ko wanda mutane suka kai ƙara, shi ne ke iya zuwa gaban ma'aikaci.

Matsalar mai Hausa ita ce na'urar ba ta ƙware a harshenmu kamar yadda ta ƙware a Turanci ba. Tana iya barin zagi na fitar hankali ya wuce, ta kama darasin lafiya mai tsabta saboda abin da ta gani a hoto ba tare da ta fahimci abin da ake faɗa ba. Don haka hoton ya fi maganar haɗari, kuma dole mahallin aikinka ya fito ta yadda wanda bai ji Hausa ba ma zai gane.

Kafin ka ɗora

Fara da hoton bango. Shi ne ya fi jawo wa masu tashoshin fina-finai da na labarai tabo, domin ana jarabtuwa a zaɓi hoton da zai sa a danna: mace a kan gado, ɗaurin ƙirji, jan da'ira a kan wani sashe na jiki. YouTube yana hukunta hoton bango shi kaɗai ko da cikin bidiyon babu komai. Zaɓi fuska, ko hoton mutum biyu a zaune, ko rubutu. Haka ma taken bidiyon. "Abin da ya yi mata a ɗaki" take ne da ke yi wa bidiyo mai tsabta shaidar zur.

Sannan kusurwar kyamara. Ɗora wayar a daidai ido ko sama kaɗan, a nisan da zai ɗauko daga kai zuwa ciki ko jiki gaba ɗaya. Wayar da aka jingina a ƙasa tana kallon sama, ko wadda ke bin mai tallan kaya daga baya tana matsowa, ita ce ke mayar da tallan atamfa abin da na'ura za ta ɗauka nuni ne. Masu ɗinki su lura da yadi mai kalar fata da leshi mai shara-shara a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, domin a allo suna fita tamkar babu komai. A sa shimi mai kala daban, a rage hasken gaba, ko a nuna kayan a jikin mutum-mutumi. Kayan ciki kuwa a shimfiɗa su a tebur a ɗauka.

Sauti ma naka ne da zarar ka ɗora shi. Waƙar da ke tashe mai baitin batsa, ko da da wani harshe ne, tana iya jawo wa bidiyonka taƙaitawa, kuma a wurin jama'a ba wanda zai karɓi uzurin cewa ba ka san ma'anarta ba.

Masu koyar da lafiya da addini su ne suka fi cancantar a yi musu dogon bayani, domin aikinsu wajibi ne kuma su ne aka fi zalunta. Ƙa'idojin suna da ƙofa dominsu. YouTube yana sassauta wa abin da aka yi don ilimi, ko tarihi, ko kimiyya, ko fasaha. Meta ya yarda da hoton shayarwa, da na haihuwa, da tabon tiyatar nono, da abin da ya shafi duba lafiya. Amma ƙofar ba ta buɗewa sai mahallin ya bayyana a cikin bidiyon kansa. Don haka a daƙiƙa goma na farko faɗi ko kai wane ne da abin da za ka koyar: ma'aikaciyar jinya ce, darasin yau a kan yoyon fitsari ne, ko kuwa karatun Risala ne, babin abin da ke wajabta wanka. Rubuta hakan a kan allo, kuma a bayanin ƙasa ƙara layi ɗaya da Turanci ko Faransanci mai cewa darasin lafiya ne ko na addini, don ma'aikacin da zai duba wanda mai yiwuwa ba Bahaushe ba ne. Yi amfani da zane ko roba irin ta makarantar koyon jinya a maimakon hoton jikin mutum. Riƙe kalmomin asibiti da na littafi, al'aura, mahaifa, maniyyi, saduwa, ka bar na majalisa. Bayyana dalili da magani, kada ka tsaya siffanta yadda ake ji. Wannan bambanci na ƙarshe shi ne ainihin iyakar da ma'aikacin yake nema: bayani ne don a sani, ko siffantawa ce don a motsa sha'awa.

Wata dabara da ta yaɗu ita ce lauya kalma, a sa lamba ko tauraro a tsakiyarta, ko a maye ta da hoton 'ya'yan itace. Ga mai aikin ilimi wannan cutar kai ce. Kamfanonin sun san salon, suna kuma karanta shi a matsayin alamar mai ɓoye wani abu. Ungozomar da ta rubuta kalmar daidai ta fi kama da ungozoma.

Batun yara ba shi da sassauci ko kaɗan. Kada ka ɗora hoton yaro tsirara, ko na wanka, ko na kaciya, ko na ƙurji a mazaunai, ko da ɗanka ne, ko da neman shawarar magani kake yi. A 2022 an ba da rahoton wani uba a Amurka da Google ya rufe wa asusu gaba ɗaya, har da wasiƙunsa da hotunansa na shekaru, saboda hoton gaban ɗansa da ya ɗauka don likita ya gani, hoton ya hau ma'ajiyar Google da kansa. 'Yan sanda sun wanke shi, kamfanin bai mayar masa da asusun ba. Marubuta kuma su riƙe wannan: a wurin manhajojin nan duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, ko da a labarin an ɗaura mata aure. Littafin da ya siffanta daren farko na amarya 'yar shekara 16, ko an karanta shi a YouTube ko an liƙa shi a manhajar littattafai ta Wattpad, yana cikin rukunin da ake rufe asusu a kansa ba tare da gargaɗi ba.

Ga mai sayar da kayan mata da maganin maza

Hajiya, abin da ke rufe miki shafi yawanci ba kayan ba ne, tallar ce. Meta yana barin tallar abin da ya shafi lafiyar haihuwa idan an nufi 'yan 18 zuwa sama kuma an tsaya a kan lafiya, amma yana hana tallar da ta tsaya a kan ƙarin ni'ima ko ƙarfin namiji. Kundin kaya na WhatsApp Business da kasuwar Facebook ma sun hana kayan manya. Saboda haka abubuwa huɗu ne za ki daina. Na farko, ɗora hoton hirar da mai saye ta turo tana ba da labarin abin da ya faru da maigida. Wannan siffanta saduwa ce a rubuce, kuma tona asirin wadda ta amince da ke ne. Na biyu, hoton kafin da bayan amfani na ƙirji ko mazaunai. Na uku, alkawarin mallaka ko na adadin mintoci. Na huɗu, rubuta "shigo ta ciki ki ga bidiyo", domin na'ura tana karanta irin wannan a matsayin gayyatar lalata.

Abin da ya rage miki yana da yawa: hoton kwalba ko gumba a kan faranti, jerin abin da aka haɗa, yadda ake ajiyewa, wadda bai kamata ta sha ba kamar mai ciki ko mai ciwon suga idan da zuma ko mazarƙwaila a ciki, da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna. Lambar magungunan gargajiya da hukumar ta yi wa rajistar farko tana ƙarewa da harafin L, kuma ma'anarta an duba cewa ba ya cutarwa, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba, don haka kada ki ce hukuma ta shaida aikinsa. Masu maganin maza su sani cewa an sha kama haɗin da aka zuba wa sinadarin sildenafil a ɓoye, wanda ke iya kashe mai shan wasu magungunan zuciya. Wanda bai san abin da ke cikin hajarsa ba, rufe shafi ne mafi ƙanƙantar abin da ke jiransa.

Ki raba asusun kasuwa da na kanki, ki kuma tara lambobin masu sayenki a littafi ko a wani wuri da ba na manhajar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zaman kai-tsaye da zauruka

A zaman kai-tsaye babu damar gyara, kuma abin da baƙonka ya yi a allonka kai ma yana iya shafar ka. TikTok ba ya barin wanda bai kai 18 ba ya buɗe zama. Kafin ka fara, naɗa mutum biyu masu tsaro da za su iya toshe mai sharhi, ka cika jerin kalmomin da manhaja za ta ɓoye da kalmomin batsa na Hausa da kake gani a sharhinka, domin ita ba ta san su duka ba. Kada ka hau da baƙon da ba ka sani ba da kyamararsa a buɗe. Karɓe shi da murya tukuna. Idan ya fara abin da bai dace ba, sauke shi a take, kada ka tsaya yi masa wa'azi yana kan allo. Idan batun na ma'aurata ne, kunna saitin da ke taƙaita zaman ga manya, amma ka sani wannan saiti bai halatta tsiraici ko batsa ba. Gasar da ake cewa wanda ya faɗi zai yi abin da aka umarce shi ita ce ta fi kai mutane ga abin da suke nadama, saboda kyautar masu kallo tana tura mutum gaba kaɗan-kaɗan.

A zauren Facebook, idan mai kula ya amince da rubutun da ya karya ƙa'ida, laifin yana hawa kan zauren. Kunna tantance rubutu kafin ya fita, kuma kada ka ba wanda ba ka sani ido da ido ba matsayin mai kula. A WhatsApp saƙonni a rufe suke, amma idan wani ya kai ƙararka, saƙonni biyar na ƙarshe da ka tura masa suna isa ga kamfanin. Tashoshin WhatsApp kuwa a buɗe suke, ana duba su.

Idan an cire maka abu

Kada ka sake ɗora shi, kada kuma ka buɗe sabon asusu don kauce wa hukunci. Duka biyun sabon laifi ne, kuma a YouTube buɗe wata tasha lokacin da aka dakatar da kai yana iya jawo a rufe duka. Ɗauki hoton sanarwar da ranar da ta zo. Karanta sunan ƙa'idar da aka ce ka karya, ka je ka karanta ita kanta ƙa'idar, sannan ka kalli bidiyonka da idon wanda bai san ka ba. Idan da gaske ka ƙetare iyaka, haƙura, ka gyara sauran bidiyoyin da ke da irin matsalar kafin a iso kansu. Idan kuskure ne, ɗaukaka ƙara ta maɓallin da ke jikin sanarwar. A YouTube dama ɗaya ce ga kowane tabo, don haka kada ka ɓata ta da fushi. Jimla uku sun isa: ko kai wane ne, me bidiyon yake koyarwa, da minti da daƙiƙar da ke nuna hakan. Rubuta da Turanci mai sauƙi ko ka sa a rubuta maka. A Facebook da Instagram, idan an sake ƙi, ana iya kai batun gaban kwamitin sa-ido mai zaman kansa na Meta a cikin kwana 15, kodayake ƙararraki kaɗan yake ɗauka.

Duk wanda ya turo maka saƙo cewa shi ma'aikacin Meta ne ko zai dawo maka da shafi idan ka biya, ɓarawo ne. Ta nan ake sace shafuka a cika su da hotunan batsa da sunan mai su. Kunna tabbaci mai mataki biyu, ka fi dogara da manhajar samar da lamba a kan saƙon tes, ka duba jerin masu iko da shafinka duk wata.

Ma'aunin hukuma

A Najeriya, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya haɗa da aika saƙon batsa ta na'ura, da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan bakwai ko duka biyun. Sashe na 23 na hotunan batsar yara ne, kuma ajiye su a waya kaɗai laifi ne, balle turawa. Nijar tana da tata dokar ta 2019, wadda aka ƙara tsaurara a 2024. A Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001 da kuma Hisbah, kuma dukansu sun sha gayyatar masu TikTok ko gurfanar da su. A Oktoban 2025 wata kotun majistare a Kano ta kai ga umartar a ɗaura wa wasu masu TikTok biyu aure saboda bidiyoyin da aka ce sun saɓa wa tarbiyya, bidiyoyin da manhajar kanta ba ta hana su yawo ba. Mai shirya fim ko waƙa a jihar ya kai aikinsa a tace kafin ya saki, ya ajiye takardar. Wanda aka gayyata ya je da lauya, kada ya mayar da martani ta bidiyo.

Ma'aunin jama'a

Wannan ba shi da maɓallin ɗaukaka ƙara, kuma tabonsa ba ya faɗuwa bayan kwana 90. Dangin miji ko na mata, mai ɗaukar aiki, kamfanin da zai ba ka talla, duk suna bincike. Ware yini guda ka bi shafukanka daga farko. Duba tsofaffin hotuna, da sharhin da ka yi a shafukan wasu, da jerin waɗanda kake bi, wanda a yawancin manhajoji kowa na iya gani. A TikTok ɓoye bidiyoyin da ka so, ka duba waɗanda ka sake yaɗawa, ka kashe damar saukewa da ta haɗa bidiyonka da na wani idan abin da kake yi mai saurin juyawa ne. A Facebook kunna tantance alamar suna, don kada wani ya maƙala ka a hoton da ba ka sani ba ya fito a shafinka. Nemi sunanka a kowace manhaja lokaci-lokaci saboda masu buɗe shafin bogi da hotonka.

Mafi yawan abin kunyar da ke fita ba daga shafi yake fita ba, daga waya ne. Tun 2007, lokacin da bidiyon sirri na wata jaruma ya bazu ta wayoyi ya girgiza masana'antar fim ta Kano, hanyoyin ba su canja sosai ba: tsohon masoyi, ƙawa, wayar da aka sayar ko aka kai gyara. Saƙon kallo-ɗaya na WhatsApp yana hana ɗaukar hoton allo, amma ba ya hana a ɗauka da wata wayar. Hoton da ka goge yana zama a kwandon Google Photos har kwana 60 idan ya riga ya hau ma'ajiya. Kafin ka ba mai gyara waya, cire katin ajiya da layi, ka fita daga asusunka, ko ka tsaya a gyara a gabanka. Kafin ka sayar, mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Idan hoto ya fita ko ana yi maka barazana

Kada ka biya. Mai karɓar kuɗi yana dawowa, kuma harka ce ta gungu: a Yulin 2024 Meta ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya masu alaƙa da irin wannan damfara. Daina amsa masa, amma kada ka goge hirar. Ɗauki hoton saƙonnin, da sunan asusun, da lambar waya ko ta banki da ya turo, da ranaku. Sannan ka kai ƙararsa a manhajar ƙarƙashin yaɗa hoton sirri ba da izini ba, ka toshe shi.

Idan shekarunka 18 ko fiye a hoton, shiga StopNCII.org. Za ka zaɓi hoton a wayarka, shafin ya ƙirƙiri wata lamba ta musamman daga gare shi, kamar zanen yatsa. Lambar ce kaɗai ke fita, hoton ba ya barin wayarka. Ana raba lambar ga kamfanonin da ke cikin shirin, irin su Facebook, Instagram, TikTok da Snapchat, su tare hoton idan an yi yunƙurin ɗora shi. Ajiye lambar ƙarar da kalmar sirrin da za a ba ka, domin ba a sake bayar da su. Idan an ɗauki hoton kafin mutum ya kai 18, ko da yanzu ya girma, shirin Take It Down ne nasa, kuma haka yake aiki. Dukansu ba sa shiga cikin saƙonnin WhatsApp, kuma idan an yanke hoton ko an canja shi sosai sai an sake yi wa sabon lamba. Google yana da fom na cire irin waɗannan hotuna daga sakamakon bincike, har da na bogi da aka haɗa da fuskar mutum.

Kai ƙara wurin 'yan sanda da shaidun da ka tara. Rundunar tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja. 'Yan'uwa da abokai kada su tura bidiyon ga kowa da sunan nuna abin da ya faru, domin kowace turawa yaɗawa ce, kuma idan yarinya ce ko yaro, saukewa ma laifi ne. Su kai ƙarar kowane kwafi da suka gani, su turo adireshinsa kawai.

Wanda abin ya shafa ya faɗa wa mutum ɗaya a gida da ya amince da shi kafin labarin ya iso ta waje, kada kuma a bar shi shi kaɗai a kwanakin farko. Idan sananne ne kuma dole ya yi magana, sanarwa ɗaya a rubuce ta isa: an yaɗa abu ba da izini ba ko an ƙirƙire shi, an kai ƙara, ana roƙon a daina turawa. A rufe sharhi a ƙarƙashinta, a miƙa wa wani amintacce kula da shafin na mako biyu, shi ya ci gaba da tattara adireshin duk inda hoton ya sake ɓullowa yana miƙa wa lauya.